Yadda Ake Haurawa Sama da Kwaroron Roba a Gidan Masaƙa

Ɗan'uwa, gyara zama. In kai magidanci ne a unguwar masaƙa ta Banaras, can ƙasar Indiya, kana zaune a gidan ubanka kamar kowane ɗan mutunci, masaƙa tana ƙasa, ɗakin matarka yana sama, kuma likita ta ce a dakata da haihuwa, to yau kakarka ta yanke saƙa. Matakai bakwai ne kacal. Bi su ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kwaroron roba zai isa inda gwamnati ta nufe shi tun asali. Wannan hanya ba ta taɓa ba da kunya ba, in ka cire matakai shida na farko.

Ni ne Badaruddin, Kawu Badru na bakin lungu. Shekara talatin da takwas na yi ƙafafuna a ramin saƙa, da ido ya gaji na koma ba da shawara kyauta, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Duk abin da zan koya maka a jikin maƙwabcina na gan shi, Naushad, ɗa na uku ga Haji Sirajuddin. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ba ta da kauri.

Ga matsalar Naushad. Matarsa Nuzhat ta haifi uku cikin shekara huɗu, babbarsu mace ce, Sana, na ukun sai da aka yi mata aiki. Ranar sallama likita ta kira shi gefe, ta sauke tabarau, ta ce masa shekara uku cur, ba ciki. In aka kuskura, ɗinkin yana iya buɗewa, kuma ba ta yi masa alkawarin za ta iya ceto matar ba. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ba ta karɓi Nuzhat ba, ga hawan jini. Saura roba. Naushad ya gyaɗa kai, ya dawo gida, aka tambaye shi me likita ta ce, ya ce ta ce alhamdulillahi. Yaron kirki ne, yana son matarsa kamar ransa, amma a gaban ubansa ko tari sai ya nemi izini.

Mataki na ɗaya: San inda abokin gabarka yake

An ce a wasu garuruwan namiji sai ya shiga kemis ya sayi maganin tari, ya sayi man zafi, ya sayi audugar kunne, gumi yana tsiyaya, sannan ya fito bai sayi abin da ya kai shi ba. Allah sarki. Mu nan mun daɗe da wuce wurin. A lungunmu dattijo mai gemu har ƙirji zai tsaya tsakiyar hanya bayan azahar ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, wa ke da ragowar roba? Ƙoshiyata tana cijewa!" Sai a jefo masa ta taga, ya cafe, ya yi godiya.

Dalili kuwa ka sani. Ƙoshiya, itacen nan da ke kai zare ya komo, tana son santsi. Ka shafa mata man girki, ya bar tabo a siliki, aikin wata guda ya tashi a banza. Amma ka yage ledar nan, ka goga mata man da ke jikin robar, sai ta riƙa wucewa sumul, ba tabo, ba maiƙo. Sari ɗaya na amarya, dogon zanen silikin nan da muke saƙawa, yana cinye fiye da dozin. Ban san wanda ya fara gano wannan ba, amma ya cancanci a sa wa titi sunansa.

Saboda haka cire kunyar nema daga ranka, samu ba wuya. Abokin gabarka shi ne ɗakin ƙasa. Ƙofar gida ɗaya ce, tana buɗewa cikin masaƙa. Matakala tana can ƙurya. Tsakaninsu akwai ubanka da yayyenka, kowa zaune a raminsa, kowa da ƙoshiya mai ƙishi. Masu bincike, wato ni da mai shayin kwana, sun tabbatar cewa tun da aka gina unguwar nan ba a taɓa ganin roba ta ƙetare wannan ɗaki da ranta ba.

Mataki na biyu: Shiga da shi a hannu, kai tsaye, kamar namiji

Je asibitin unguwa ka sami ma'aikaciyar lafiya. Tamu Kusum ce, kowa Didi yake ce mata, wato yaya, har waɗanda suka haife ta. Naushad ya tsaya gaban teburinta yana murza hula.

"Masaƙa nawa ne a gidanku?" ta tambaya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Uku da tawa huɗu. Amma Didi, ni ba na saƙa nake so ba."

"Kowa haka yake cewa, ƙanena. A takarda unguwarku ta fi kowace karɓar roba, har takardar yabo aka ba ni. Ranar awon ciki kuma ku kuke cika min benci har waje. Karɓi, je ka."

Ya rungumo kwali guda, ya ratso lungu, ba wanda ya kalle shi sau biyu. A nan sai ka daure fuska, ka yi sallama, ka nufi matakala ba waiwaye. Naushad ya yi taku uku.

"Kai! Me ke nan a hammatarka?" in ji Haji Sirajuddin daga raminsa.

"Ba komai, Abba."

"Kawo ba komai ɗin in gani."

Haji ya buɗe kwalin, fuskarsa ta washe. Ya ɗaga shi sama ya nuna wa manyan 'ya'yansa. "Shamshad! Irshad! Ku duba ku gani. Yaron da nake cewa ba ya tunanin sana'a, ashe ni ne ban fahimce shi ba. Ba wanda ya aike shi, da kansa ya je. Allah ya yi maka albarka, ɗana." Nan take aka kasa huɗu. Har shi Naushad aka ba shi kasonsa, aka tsaya a kansa sai da ya yage ya goga wa tasa ƙoshiyar. Ranar saƙa ta yi gudu ƙwarai, shi kuwa ya yini yana amsa albarka da murya kamar ta mai zazzaɓi.

Darasi: wannan mataki ba ya aiki. Na sa shi ne don ka san ba ya aiki.

Mataki na uku: Tafi nesa, sayi mai tsada, ɓoye a aljihu

Tunda na kyauta kayan aiki ne a idon kowa, nemi wanda bai yi kama da shi ba. Hau keke mai ƙafa uku ka ƙetare gari, can wajen tashar jirgin ƙasa inda ba wanda ya san kakanka. Naushad ya yi haka. Mai kemis ya tambaye shi wane iri, shi kuma don ya gama da wuri ya nuna na farkon da yatsansa ya faɗa wa. Aka naɗe masa a jarida, aka saka a baƙar leda, ya zare ledar ya cusa ɗan kwalin a aljihun riga.

Abin da ya manta, kai kada ka manta: ba a shiga ramin saƙa da riga a zafin Banaras. Kana shigowa za ka tuɓe ka rataye ta a ƙusa bayan ƙofa. Kuma aljihun ƙane, a gidan masaƙa, rijiyar unguwa ce. Shamshad, babban wa, ya tashi neman ashana.

"Kai, wa ya shigo da mangwaro cikin watan da ba na mangwaro ba?" Ya zaro kwalin, ya shinshina, ya karanta, ya fashe da dariya har yana riƙe bango. "Abba! Ka ga ɗan gayu! Ƙoshiyarsa ta fi tamu daraja, mai ƙamshi yake saya mata a ɓoye!"

"Bhaijan, yayana, don Allah ba ni kayana."

"Kayanka? Cikin wa ka fito da za ka yi mana rowa?"

Haji ya yi masa faɗa kan son kai, ya ja masa tarihin yadda shi da 'yan'uwansa suka taso suna cin gurasar roti ɗaya su biyar. Aka goga mai ƙamshin a kan aikin da ke masaƙar Haji, jan sari mai zaren zinariya.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Kwana goma bayan haka sai ga Lala Murlidhar, dillalin da ke karɓar kayansu, ya shigo lungu da kansa, mutumin da ko ɗaurin aure ba ya zuwa. Yana haki ya ce uwar wata amarya daga Delhi ta buɗe jan sarin nan a shagonsa, ta shinshina, ta kira ƙawayenta, yanzu guda shida suke so, duk masu ƙamshin. "Haji Sahib, wane turare ne wannan? Faɗa min tsakanina da kai." Haji ya shafa gemu ya ce sirrin gida ne, tun daga kakanni.

Daga ranar aka naɗa Naushad sarkin sayayya. Duk Litinin Haji da kansa yake ba shi kuɗin keke, ya ƙetare gari ya sayo kwali biyar masu ƙamshin mangwaro, ya miƙa su a ƙofa a ƙirga. Mai kemis ya fara miƙewa tsaye in ya hango shi, yana kallonsa da wani irin girmamawa da Naushad bai nema ba.

Mataki na huɗu: Yi amfani da kwandon igiya

In ƙasa ta gagara, ka tuna matan gidanku ba sa saukowa cefane. Kwando suke zurowa da igiya ta taga, mai kayan miya ya zuba, su ja. Wannan hanya ce da ba ta bi ta gaban ubanka. Shirya da matarka: da ta ji muryar mai kayan miya, ita za ta riƙe igiyar.

Naushad ya tare mai kayan miya tun daga bakin lungu, ya sayi gauta da albasa da kansa, ya binne 'yan ledoji shida a ƙasan kwando, ya jera gauta a kai kamar mai jeren ɗakin amarya. Ya ja igiya sau biyu. Kwando ya tashi. Ina zaune a ƙofata ina kallo, wallahi har zuciyata ta buga. Ya wuce tagar masaƙa. Ya wuce wayar lantarki. Naushad ya ɗaga hannu biyu sama.

Sai jariri ya tsala kuka a ciki. Nuzhat ta waiga, surukarta ta ce, "Je ki gurin yaro, kawo in ƙarasa." Ammi ke nan, Badrunnisa, matar da ba ta taɓa karɓar gauta ba ta latsa kowanne ɗaya-ɗaya ba.

Kwando ya shige ciki. Can sai kan Ammi ya leƙo ta taga.

"Naushad! Kai wane irin shashasha ne? Kayan masaƙa ka haɗa min da cefane? So kake miyata ta yi santsi?" Duk lungu ya ɗago kai. "Shamshad, fito ka karɓi kayanku, ƙaninka hankalinsa ya tafi kiwo!"

Kwando ya sauko a hankali, ledoji shida a kwance a ciki, ya tsaya daidai hancin Naushad.

Mataki na biyar: Bi ta rufin maƙwabci

Rufin gidajenmu a manne suke, ƙafa ɗaya ka ɗaga ka shiga gidan wani. Nemi maƙwabci mai rufin asiri. Naushad bai samu ba, sai ya zo wurina.

Na hau da shi da hantsi, lokacin da mata suka gama shanya suka sauka. Kwalin yana hannunsa, sabo fil. Na ce masa ya ɗaura a ƙugu, ya ce ai an riga an iso. Ya ɗora kwalin a kan katanga don ya tattare zanin da mu maza muke ɗaurawa a nan ya ƙetara. Ka ji kuskuren. A Banaras ba a ajiye abu a kan katanga, ko na daƙiƙa ɗaya, saboda rufin ba namu ba ne, aro birai suka ba mu.

Wani ƙaton biri mai guntun kunne ya diro daga tankin ruwa, ya sure kwalin, ya haye kan eriya ya zauna yana jujjuya shi. Birin garinmu ba ɓarawo ba ne, ɗan kasuwa ne. Ya ɗauki kayanka, ka kawo abin ci, a yi musaya. Na ruga na kawo roti, ya kalle shi ya kau da kai. Na kawo ayaba, ya karɓa da ƙafa, bai saki kwalin ba.

"Kawu, yi masa magana, kai ya sani!"

"Ni ina na san shi? Surukina ne?"

Kafin ka ce me, rufin unguwa ya cika. Masu tashin tattabaru sun bar tattabarunsu, kowa yana ba da shawara. Wani ya ce a kawo alewa, wani ya ce birin nan lemon kwalba kawai yake sha, mai sanyi. Aka kawo mai sanyin. Ya sha, ya yi gyatsa, sannan ya ɓare kwalin ya shiga zaro ledojin yana cizo yana jefarwa cikin lungu ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa masaƙa suka fito daga ramukansu da zani a hannu suna tara, ana ture juna, ana kabbara. Irshad shi kaɗai ya tsinci tara. Har yau akwai tsofaffi a lungun da ke kiran ranar da ranar da aka yi ruwan roba.

Naushad ya zauna a kan katangar ya dafe kai. Na dafa kafaɗarsa na ce masa a ƙalla ya taimaki sana'a.

Mataki na shida: Ƙaurace wa ɗakin, ka ce zafi ne

In duk dabara ta ƙare, ɗauki tabarmarka ka koma rufi da kwana. Wannan hanya tana aiki ɗari bisa ɗari, kuma Naushad ya yi wata biyar a kanta. Illarta ɗaya: uwarka tana da ido.

Ammi ta ƙirga kwanakin tabarma, ta yanke hukuncin cewa faɗa suka yi, ta ɗaura ɗamarar sulhu. Ta kwashe manyan yaran biyu ta mayar ɗakinta. Ta saya wa Nuzhat awarwaron gilashi dozin biyu, kore shar. Kullum da la'asar sai ta aiko wa Naushad madara mai zafi da aka daka wa 'ya'yan almon da dabino, irin mai ƙara wa namiji ƙarfi, ta tsaya sai ya shanye. Rannan ta ɓoye tabarmar gaba ɗaya, ta ce biri ya ɗauka. Ba mugunta take yi ba, kuma wannan ne ya fi ban tsoro. So take ta ga ɗanta da matarsa suna dariya, in Allah ya kawo na huɗu kuma ta riga ta zaɓi suna.

Wata Laraba da rana Naushad ya hau sama ɗauko zare. Ya tarar da Nuzhat zaune gaban keken kaɗi tana naɗe siliki, akwatinta a buɗe a gefe, rabinsa cike da kayan yara.

"Wannan fa?"

"Na yi waya gida. Yayana zai zo ran Juma'a ya tafi da ni Mubarakpur. In shekara ukun ta cika sai ka zo ka ɗauke ni, in ka gane ni."

"Haba, uwar Sana. Ki ƙara min sati ɗaya. Akwai wata dabara, Kawu Badru ya ce in aka sami bututun ruwa..."

"Kawu Badru!" Ta tsayar da keken. Ina jin su ta katanga, kuma ban ji daɗin yadda ta faɗi sunana ba. "Abban Sana, kalle ni. Ni aka kwantar, mutum shida da ban taɓa gani ba suka tsaya a kaina, aka yanka ni aka ɗinke. Ban mutu don kunya ba. Kai magana ɗaya za ka faɗa wa mahaifinka, ka gwammace ka yi ciniki da biri."

"Ai ba a yin irin wannan magana da Abba."

"To za a yi maganar likkafani da shi? Wannan ba kunya?" Muryarta ta karye. "Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji. Duk ranar da Ammi ta kawo madarar nan sai in kwana ban runtsa ba. Ba na son barin gidan nan, ba na son barinka. Amma ina son in ga auren Sana da idona."

Ya tsaya riƙe da zare. Ta ci gaba da juya kekenta. Ni ma a nawa gefen katangar na ajiye kofin shayi, don ya daina shiga.

Mataki na bakwai: Buɗe baki

Wannan mataki ba ni na ƙirƙiro shi ba, kuma da an tambaye ni da na hana.

Ran Alhamis da safe Naushad ya koma wurin Didi ya karɓo kwali. Bai ɓoye ba, bai naɗe ba. Na bi bayansa na tsaya a bakin ƙofa, saboda bincike. Masaƙa uku suna ta ƙwas-ƙwas. Haji ya miƙo hannu ko kallo bai yi ba, ya kama gefen kwalin ya ja. Kwali bai zo ba. Ya sake ja. Ya ɗago kai ya ga ɗansa riƙe da ɗaya gefen da hannu biyu.

"Saki mana."

"Abba, wannan ba na ƙoshiya ba ne."

"Me ka ce?" Haji ya ɗaga hannu, Shamshad da Irshad suka tsayar da aiki. Ɗakin ya yi tsit, har kana jin tattabaru a rufi. "Maimaita."

"Na ce ba na ƙoshiya ba ne."

"To na mene ne?"

Ka yarda da ni, tsakani da Allah ya yi tambayar. Mutumin ya shekara arba'in yana yage ledar nan ba adadi, har ya manta an yi ta ne don wani abu daban. Shamshad ya fara ƙunshe dariya, ya dubi fuskar ƙaninsa, ya haɗiye.

"Na ɗakina ne, Abba. Likita ba alhamdulillahi kawai ta ce ba. Cewa ta yi in Nuzhat ta sake ɗaukar ciki kafin shekara uku, ɗinkin zai iya buɗewa, zan iya rasa ta. Na kasa faɗa maka. Gobe za ta tafi gidansu saboda na kasa. Ka yi min duk abin da za ka yi, amma wannan kwalin sama za shi."

Kunnuwan Haji suka yi ja. Ya kalli kwalin, ya kalli ƙoshiyar da ke ɗaya hannunsa, ya ajiye ta a hankali kamar ta yi zafi. Sannan ya saki kwalin, ya janye gwiwarsa daga hanya, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Wuce."

Bai kai ga wucewa ba. Ammi tana tsaye a tsakiyar matakala da ludayi a hannu, ta ji komai. Ta sauko da saurin da ban san tana da shi ba.

"Wata biyar! Wata biyar kana kallona ina daka almon!" Ludayi ya sauka a kafaɗarsa. "Yarinyar mutane tana ramewa a gabana, ina cewa fushi ne! Da na kashe ta da hannuna fa? Da na ce wa uwarta me? Bakin nan naka na cin roti ne kawai?" Ludayi ya sake sauka. Tana dukansa tana kuka. Ta fizge kwalin, ta juya kan mijinta. "Kai kuma, sirrin gida tun daga kakanni! Daga yau duk kwalin da ya shigo gidan nan sama zai fara zuwa. In ya yi saura, itacenku ya samu."

Ta hau tana kiran Nuzhat, tana cewa a zazzage akwatin nan yanzun nan. Maza huɗu suka zauna ba mai kallon wani. Can sai muryar matar Shamshad, mai 'ya'ya biyar, ta sauko ta matakala, a sanyaye, cike da ladabi.

"Ammi, in ba za a damu ba, a raba biyu."

Shamshad ya sunkuya cikin raminsa yana neman wani zare da bai ɓata ba. Yayan Nuzhat ya zo ran Juma'a kamar yadda aka yi, ya ci shinkafar biriyani faranti biyu, ya koma Mubarakpur shi kaɗai.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin komai. In biri ya cije ka, tsakaninka da biri. In ludayi ya same ka, uwarka ce. In ƙoshiyoyin gidanku sun koma cijewa, in dillali ya zo neman ƙamshin mangwaro bai samu ba, kada wanda ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Ni shawara na bayar, ban ce na gwada ba.

Ban gwada ba kuwa. Dubbai na yage a rayuwata, duk a itace suka ƙare, ko ɗaya ban taɓa hawa sama da shi ba. Matata Zaibunnisa tara ta haifa. Tun daga na taran bayanta bai sake yarda da matakala ba, shi ya sa na cike ramin saƙata na sauko mata da gado ƙasa.

Jiya na karanta mata wannan jagora don ta yaba. Ta yi dariyar biri har sai da na ba ta ruwa. Da na kai mataki na bakwai ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon rufi.

"Ni duk shekarun nan na ɗauka kai ma irin Haji ne," ta ce. "Na ɗauka mantawa ka yi. Ashe ka sani."

Na ce mata ai ga shi nan a rubuce, marubuci ba ya ɗaukar alhakin komai. Ta ce to. Sannan ta miƙo min hannu in tashe ta zaune.